Edmond Halley: Ɗan mai sabulu da ya koya wa kamfanonin inshora lissafin shekarun mutane

Waɗanda suka yi wayo a shekarar 1986 za su iya tuna labarin wata tauraruwa mai wutsiya da kafafen labarai suka yi ta magana a kanta, wadda aka ce ba ta leƙo duniyarmu sai bayan shekara 75 ko 76. Ana kiran ta Halley, kuma sai a 2061 ake sa ran dawowarta. Sunan wani Baturen Ingila ne ta ci, Edmond Halley, wanda ya rasu tun 1742.

Da wannan tauraruwa duniya ta fi sanin sa. Amma akwai wani aikinsa na 'yan shafuka kaɗan da ya fi ta shiga aljihun mutane. Duk jami'in kwastan ko na shige da fice da ke aiki a iyakar Jibiya, ranar da ya ajiye aiki aka zauna lissafa masa abin da zai riƙa karɓa duk wata, da irin lissafin da Halley ya shimfiɗa a 1693 za a yi. Haka ma idan magidanci ya je kamfanin inshora ko na takaful yana son a biya iyalinsa wani abu bayan ransa, tambayar farko ita ce shekarunsa nawa. Halley na cikin mutanen farko da suka nuna da alƙaluma dalilin da ya sa wannan tambaya take da muhimmanci.

Yaro mai gata a garin annoba

An haife shi ranar 8 ga Nuwamba, 1656, bisa kalandar da ake aiki da ita yanzu, a Haggerston da ke gefen birnin Landan. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Edmond, attajiri ne mai sana'ar dafa sabulu, kuma yana da gidajen haya.

Yana ɗan shekara takwas annoba ta afka wa Landan a 1665, ta kashe mutanen da aka ƙiyasta sun kusa 100,000. Shekara na zagayowa gobara ta cinye tsakiyar birnin, har ta taɓa dukiyar mahaifinsa. Duk da haka uban bai gaza ba. Ya sa shi a makarantar St Paul's, ya kuma saya masa kayan duban taurari masu tsada, waɗanda yaron ya kwasa ya tafi da su Jami'ar Oxford a 1673.

Bai tsaya ya kammala digiri ba. A 1676, yana ɗan shekara 20, ya bar karatu ya hau jirgin ruwa zuwa St Helena, wani ɗan tsibiri a tsakiyar tekun Atlantika, yamma da gaɓar Angola. Dalilinsa shi ne masanan Turai sun ƙididdige taurarin da ake gani daga arewacin duniya, amma na kudu babu wanda ya auna su da madubin hangen nesa yadda ya kamata. Mahaifinsa ya ɗauki nauyin kuɗi, Sarki Charles na Biyu ya sa baki aka ba shi gurbi a jirgin kamfanin East India.

Gajimare ya dame shi ƙwarai a tsibirin, amma ya dawo da jerin taurari 341 da matsayin kowacce. Sarki ya ba da umarni Oxford ta ba shi digiri na biyu ba tare da jarrabawa ba, sannan ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta karɓe shi yana ɗan shekara 22.

A 1682 ya auri Mary Tooke, wadda suka zauna tare sama da shekara 50. Bayan shekara biyu musiba ta same shi: mahaifinsa ya fita daga gida a watan Maris na 1684 bai dawo ba, sai bayan makonni biyar aka tsinci gawarsa a bakin kogi kusa da Rochester. Rigimar gado da matar ubansa ta kai su kotu.

Wanda ya tono Newton

A cikin wannan shekarar ta baƙin ciki ne ya yi tafiyar da masana tarihin kimiyya ba sa mantawa. A watan Agusta ya je Cambridge wurin Isaac Newton da tambaya kan irin zagayen da duniyoyi ke yi wa rana. Ya tarar Newton ya riga ya warware matsalar tuntuni, ya ajiye takardun bai gaya wa kowa ba.

Halley ya yi ta lallashinsa har ya zauna ya rubuta littafin Principia, wanda ya fito a 1687. Royal Society ta yi alƙawarin buga shi, sai aka tarar asusunta ya ƙone wajen buga wani ƙaton littafi kan kifaye wanda ya ƙi sayuwa. Halley ya biya kuɗin ɗab'in daga aljihunsa, ya kuma duba kurakuran bugu da kansa. A lokacin shi ne akawun ƙungiyar a kan albashin fam 50 a shekara, kuma da ta rasa kuɗin biyansa sai ta ce a ba shi kwafe-kwafen littafin kifin nan a madadin albashi.

Mutum ne da hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya zana taswirar iskokin teku a 1686. Ya ƙera wani ƙaton mazubi mai siffar ƙararrawa da mutum zai shiga ya nutse ƙarƙashin teku ana aiko masa da iska a ganguna, ya kuma shiga da kansa ya daɗe fiye da awa guda a ƙasa. Ba duk hasashensa ya yi daidai ba. Ya taɓa kawo ra'ayin cewa cikin duniya rami ne mai hawa-hawa, abin da yau ɗan sakandare zai yi wa dariya.

A 1691 ya nemi kujerar farfesan ilimin taurari a Oxford aka hana shi, saboda wasu manyan coci suna shakkar imaninsa. Yana cikin wannan hali ne wasu takardu suka iso Landan daga wani gari mai nisa.

Takardun limamin Breslau

Breslau gari ne da a yau ake kira Wrocław a ƙasar Folan. Wani limamin coci a can, Caspar Neumann, ya bi littattafan coci-coci ya tattara bayanan duk wanda aka haifa da duk wanda aka binne daga 1687 zuwa 1691, tare da shekarun kowane mamaci da watan da ya mutu. Abin da ya dame shi camfi ne: mutanen zamaninsa sun yi imani cewa akwai wasu shekaru masu haɗari, irin su 63, kuma tsayuwar wata da ɓacewarsa na da hannu a mutuwa. Yana son alƙaluma su ƙaryata wannan.

Takardun sun bi ta hannun masanin nan na Jamus, Leibniz, suka kai ga Royal Society, aka miƙa wa Halley.

Kafin wannan lokaci wani ɗan kasuwa a Landan mai suna John Graunt ya yi ƙoƙari irin wannan a 1662, da takardun sanarwar mace-mace da ake bugawa duk mako a birnin. Sai dai takardun Landan ba sa faɗin shekarun mamaci, don haka dole ya yi kintace. Ban da wannan, Landan gari ne na baƙi: mutum zai taso daga ƙauye da girmansa ya zo ya mutu a can, sai adadin mamata ya fi na haihuwa, lissafi ya rikice.

Breslau ba haka take ba. Tana nesa da teku, baƙi ba su cika zuwa ba, 'yan gari ba su cika fita ba. A shekaru biyar ɗin an haifi yara 6,193, an binne mutum 5,869. Wato a kowace shekara haihuwa kusan 1,238, mutuwa kusan 1,174. Da yake adadin biyu sun yi kusa da juna, Halley ya ga zai iya ɗaukar garin a matsayin wanda yawan jama'arsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. In haka ne, shekarun waɗanda suka mutu za su iya nuna yawan masu rai a kowane mataki na shekaru, ko da ba a yi ƙidaya ba.

Abin da ya fara fitowa fili shi ne mutuwar yara. Cikin jarirai 1,238, guda 348 ba sa cika shekara ɗaya. Wasu 198 suna tafiya kafin su cika shida, saura 692. Kafin a kai shekara 17, rabin waɗanda aka haifa sun riga mu gidan gaskiya.

Daga nan ya tsara jadawalinsa. Layi ɗaya shekaru, layi ɗaya yawan mutanen da ke raye a wannan shekarar. Ya fara da 1,000 ga yaran da ke cikin shekararsu ta farko, 855 a ta biyu, 798 a ta uku, haka adadin ke ta zaizayewa har ya kai 20 a shekara 84. Da ya haɗa duka, sai ya ce mutanen Breslau sun kai 34,000. A inda alƙaluman suka yi tsalle ba dalili saboda ƙarancin shekarun da aka tattara, ya daidaita su da hankali. Su shekarun camfin nan kuwa, babu wata alama da ta nuna sun fi sauran kisa.

Yadda ake karanta shi

Jadawalin bai san ranar mutuwar kowa ba, kuma Halley bai yi da'awar haka ba. Ajali na Allah ne. Abin da jadawalin ke cewa game da taro ne: idan ka tara mutum ɗari biyar masu shekaru ɗaya, kusan nawa ne ba za su ga baɗi ba. Manomin da ya shuka tiya guda ta gero ya san ba duk ƙwaya ce za ta tsiro ba, har yana iya faɗa maka kusan nawa za ta lalace, amma ba zai iya nuna maka wacce ba.

Ga misalin da shi kansa ya bayar. A shekara 25 akwai mutum 567, a 26 akwai 560. Bakwai sun tafi. Ke nan a duk mutum ɗaya da ya mutu a wannan shekarar, 80 sun tsira.

Mu mayar da shi naira don a gane. A ce mutum 567 ɗin nan sun yi yarjejeniya cewa duk wanda ya rasu a cikin shekarar za a ba iyalinsa naira miliyan ɗaya. Ana buƙatar miliyan bakwai a asusu. Idan aka raba, kowa zai zuba kusan naira 12,300. To a ɗauko masu shekara 60: jadawalin ya ce su 242 ne, kuma 232 ne ke kaiwa 61. Goma sun tafi, ana buƙatar miliyan goma, kowa zai zuba kusan naira 41,300. Ya ninka na matasa fiye da sau uku. Idan aka haɗa su a asusu ɗaya aka ce kowa ya biya daidai da kowa, matasa ne ke ɗauke wa dattawa kaya ba da saninsu ba, kuma da zarar sun farga za su janye, asusun ya rushe. Wannan shi ne ƙashin bayan inshorar rai har gobe. Kamfani yana ƙara kuɗin gudanarwa da ribarsa a kai.

Tambaya ta biyu ita ce shekara nawa suka rage wa mutum. Halley ya ɗauki ɗan shekara 30. Su 531 ne. Rabinsu 265. Ya bi jadawali ya ga adadin yana sauka zuwa 265 tsakanin shekara 57 da 58. Saboda haka ɗan shekara 30 a Breslau yana iya sa ran ƙarin shekara 27 ko 28, ma'ana rabin sa'o'insa za su wuce haka, rabi ba za su kai ba.

A nan akwai abin da mutane da yawa ke fahimta a baibai. Garin da rabin 'ya'yansa ke mutuwa kafin shekara 17, shi ne kuma garin da rabin masu shekara 30 ke kaiwa 57. Babu saɓani. Idan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsawon ran ɗan Najeriya kusan shekara 54 ne, na ɗan Nijar kuma kusan 61, lissafin jariri ne sabuwar haihuwa, kuma mutuwar ƙananan yara ce ke jawo adadin ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin 1,000 a Najeriya ba sa kaiwa shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa 187. Magidancin da ya kai 50 ya riga ya tsallake wannan siraɗi, don haka kuskure ne ya ɗauka shekara huɗu suka rage masa.

Halley bai manta da bukatar sarakuna ba. Ya lissafa cewa mazan da za su iya ɗaukar makami, daga shekara 18 zuwa 56, sun kai kusan 9,000 cikin 34,000 ɗin.

Gwamnatin da ta yi asara ba ta sani ba

Inda aikin ya fi tsauri shi ne farashin abin da yau za mu kira fanshon har ƙarshen rai: ka ba da kuɗi dunƙule sau ɗaya, a riƙa biyan ka wani adadi duk shekara muddin kana numfashi.

A lokacin Ingila na yaƙi da Faransa, Sarki William na Uku yana neman kuɗi ido rufe. Gwamnati ta fito da tsari: kawo fam 100, a riƙa ba ka fam 14 duk shekara har wanda aka ɗaura yarjejeniyar a kan ransa ya mutu. Ba a tambayar shekaru. Cikin shekara bakwai da 'yan watanni mutum ya mayar da uwar kuɗinsa.

Halley ya zauna ya lissafa kowace shekara daban: yiwuwar mutum ya kai ta da rai, da kuma darajar kuɗin wannan shekarar a yau idan aka cire kuɗin ruwa na kashi 6 cikin 100. Aiki ne mai cin rai a zamanin da babu na'ura, shi ya sa ya yi na kowace shekara biyar kawai. Sakamakon ya nuna na yaro ɗan shekara 10 ya kamata a sayar a kan ninki 13.44 na abin da za a riƙa biya a shekara, wato kusan fam 188 maimakon 100. Na ɗan shekara 40 ninki 10.57, na ɗan 60 ninki 7.60, na ɗan 70 ninki 5.32. Ke nan gwamnati tana sayar wa masu ƙuruciya a kusan rabin farashi. Masu wayo kuwa sun gane, sai su ɗaura yarjejeniyar a kan ran yaro lafiyayye.

Ya buga wannan a mujallar Royal Society a 1693. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. An shafe fiye da shekara 100 kafin ta fara sayar da irin wannan fansho bisa jadawalin shekaru, a 1808. Shekara 22 kafin Halley, shugaban gwamnatin Holan Johan de Witt ya yi irin wannan lissafi, shi ma aikinsa bai yi tasiri nan take ba.

Kyaftin, mai fassara, mai duban taurari

Shi kuwa Halley ya riga ya wuce wurin. Bai sake zama kan batun mace-mace ba. Ya yi aiki a gidan buga kuɗi na Chester, sannan a 1698 aka ba shi jirgin ruwan sojan ruwa mai suna Paramore don ya auna yadda allurar kamfas ke karkacewa daga arewa ta gaskiya a sassan Atlantika. Tafiyar farko ta watse saboda mataimakinsa ya ƙi bin umarnin wanda yake gani ɗan boko ne ba matuƙi ba. A ta biyu ya nausa kudu har ya ci karo da tsaunukan ƙanƙara. Taswirar da ya fitar a 1701 matuƙa jirage sun daɗe suna aiki da ita.

A 1704 Oxford ɗin da ta ƙi shi ta ba shi kujerar farfesan lissafi. A nan ya yi wani abu da zai ba mai karatu a ƙasar Hausa sha'awa. Akwai wani littafin lissafi na Apollonius, masanin Girka na dā, wanda asalinsa ya ɓace, sai fassarar Larabci da malaman Musulmi suka yi ce ta rage a ɗakin karatu na jami'ar. Halley ya duƙufa ya koyi Larabcin da zai ishe shi, ya mayar da littafin zuwa Latin, aka buga a 1706.

Shekara ɗaya kafin nan, a 1705, ya fitar da aikinsa kan taurari masu wutsiya. Da lissafin Newton ya gano cewa waɗanda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 tauraruwa ɗaya ce ke zuwa tana komawa, ya ce za ta dawo wajen 1758. Ya kuma zana taswirar inda inuwar husufin rana na 1715 za ta bi a Ingila tun kafin ya faru, lokacin da ya faɗa bai kauce da fiye da minti huɗu ba.

Yana da tabo. A 1712 shi da Newton suka buga jerin taurarin John Flamsteed, babban masanin taurari na sarki, ba da yardarsa ba. Flamsteed ya bi ya tattara kwafi 300 cikin 400 ya cinna musu wuta, kuma har ya mutu bai yafe wa Halley ba. Abin da ya fi zafi, Halley ne ya gaje kujerarsa a Greenwich a 1720.

Yana da shekara 63 a lokacin. Abin da ya fara shi ne shirin bin diddigin wata na tsawon shekara 18. Idan aka duba jadawalinsa na Breslau, rabin masu shekarunsa ba sa wuce ƙarin shekara 10. Ya kammala shekara 18 ɗin, ya ƙara wasu. Matarsa ta rasu a 1736, hannunsa na dama ya shanye, ya ci gaba da aiki. Ya rasu a Greenwich ranar 25 ga Janairu, 1742, yana da shekara 85, wato ya wuce layin ƙarshe na jadawalin da ya rubuta.

Tauraruwar ta dawo kamar yadda ya faɗa. Wani manomi Bajamushe mai sha'awar taurari, Johann Palitzsch, ya hango ta ranar 25 ga Disamba, 1758. A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana ɗan shekara huɗu a lokacin. Zuwanta na gaba, a 1835, ya faɗo a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Abin da ya biyo baya

Kamfanin inshorar rai da aka kafa a Landan a 1706, Amicable, kuɗi ɗaya yake karɓa daga kowa, kuma don ya kare kansa ba ya ɗaukar wanda ya haura 45. Wani malamin lissafi, James Dodson, da aka ƙi karɓa saboda shekarunsa, ya tsara yadda za a riƙa karɓar kowa a kan kuɗin da ya dace da shekarunsa, bisa turbar da Halley ya share. Ya rasu a 1757, abokansa suka kafa kamfanin Equitable a 1762. Daga nan aka samu sana'ar masana lissafin inshora. Shi kansa Equitable, bayan shekara 238, ya daina karɓar sababbin abokan hulɗa a Disamba 2000, saboda ya yi alƙawuran fansho da suka fi ƙarfin asusunsa.

A Najeriya, dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta shigo da wannan lissafi gidan kowane ma'aikacin da ke ƙarƙashinta. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Ta kuma ba mai ritaya zaɓi biyu: ya bar kuɗinsa wurin kamfanin fansho ana tsakuro masa duk wata, ko ya miƙa su ga kamfanin inshora ya sayi fanshon har ƙarshen rai. A na farko, abin da ya rage a asusu na magada ne, amma asusun na iya yin ƙasa idan rai ya yi tsawo. A na biyu, kamfani ne ya ɗauki nauyin tsawon ran, sai dai bayan wa'adin da aka lamunce a yarjejeniya magada ba su da sauran haƙƙi. Duk wanda zai sa hannu ya kamata ya san cewa adadin da aka rubuta masa daga jadawali ya fito.

Malamai da yawa ba su amince da inshorar kasuwa ba saboda riba da rashin tabbas da ke cikin cinikin, shi ya sa aka samar da takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979, hukumar NAICOM kuma ta fitar masa da ƙa'idoji a Najeriya a 2013. A takaful mahalarta ne ke ba da gudummawa a asusun taimakon juna. Amma shi ma sai an san nawa kowa zai zuba don kada asusun ya ƙafe, kuma da jadawalin mace-mace ake sanin hakan. Saɓanin malamai a kan siffar yarjejeniya yake, ƙidayar kanta ba ta da laifi.

Matsalarmu ita ce jadawalin wa ake amfani da shi. Kamfanonin Najeriya sun daɗe suna dogaro da na Birtaniya, irin wanda ake kira A67/70, da aka gina kan Turawan da suka yi inshora tsakanin 1967 da 1970, sai a ɗan yi masa kwaskwarima. Idan jadawalin ya ɗauka mai ritaya zai daɗe fiye da yadda mutanenmu ke daɗewa, abin da za a riƙa ba shi duk wata zai yi ƙasa da haƙƙinsa. Idan kuma ya gaza, kamfani ne zai durƙushe da kuɗin mutane. Kowanne ya faru, talaka ne a ƙasa.

Gina namu kuwa yana buƙatar abin da Neumann ya ba Halley: rajistar haihuwa da ta mutuwa mai ɗauke da shekaru. Jibiya ta nuna wahalar abin ƙarara, domin duk siffofin da suka sa Halley ya zaɓi Breslau, akasinsu ne a nan. Gari ne na shiga da fita. Ana haihuwar mutum a Maraɗi ko Ɗan Isa, ya yi kasuwanci a Magama, ya yi aure a Jibiya, jinya ta kai shi Katsina. Rashin tsaro ya taso mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, wasu sun tsallaka Nijar. Rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya sauya inda mutane da yawa ke neman abinci. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya tun 2006 aka yi ta.

Sannan mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, kamar yadda addini ya koyar. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, amma akasari ba a neman takardar shaidar mutuwa sai in mamacin ya bar kuɗi a banki ko haƙƙin fansho. Shekarun ma sau da yawa kintace ne, ko kuma na takardar rantsuwar kotu da aka rage don neman aiki. Limamin unguwa da mai unguwa su ne suka san duk wanda aka yi wa suna da duk wanda aka yi wa sallah, kuma shekara biyar kacal na irin wannan rubutu, daga gari ɗaya mai mutum 34,000, suka ishi Halley.